Teku da Ɗumamar Duniya: Ina Zafin Yake Tafiya?

Duk wanda ya dubi taswirar duniya zai ga shuɗin launi ya rinjayi sauran launuka. Ruwan teku ya rufe kimanin kashi 71 cikin ɗari na doron duniya, kuma kusan kashi 97 cikin ɗari na dukkan ruwan da ke duniya a cikinsa yake. Matsakaicin zurfinsa ya kai mita 3,700. Amma ga ɗalibin da ya tashi a Kano ko Damagaram, teku abu ne na littafi da hoto, ɗaruruwan kilomita ne tsakaninsa da gaɓa mafi kusa. Duk da wannan nisa, ruwan da ke shayar da gero da dawar gonar gidansu daga teku yake tasowa, kuma masana sun tabbatar cewa ba za a fahimci ɗumamar duniya ba sai an fahimci abin da ke gudana a cikin tekun.

Ruwa Mai Jinkirin Ɗaukar Zafi

A lokacin hunturu, mutumin Kano yakan kwana da bargo, da rana kuma ya nemi inuwa. Mutumin Legas bai san irin wannan bambanci mai yawa tsakanin dare da rana ba. Babban dalili shi ne Legas tana maƙwabtaka da teku, ruwa kuwa ba ya saurin ɗaukar zafi, idan ya ɗauka kuma ba ya saurin saki.

Lissafi zai fito da abin fili. Kafin a ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya a ma'aunin Salsiyas, ana bukatar makamashi kimanin jul 4,200. Kilo ɗaya na iska kuwa kimanin jul 1,000 ya ishe shi, busasshen yashi ma bai kai haka ba. Iskar da ke saman kowace murabba'in mita ta ƙasa, tun daga ƙasa har ƙarshen sararin samaniya, nauyinta kusan kilo 10,000 ne, watau tana bukatar jul miliyan 10 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. Ruwan da zurfinsa bai wuce mita biyu da rabi ba zai shanye wannan adadin. Ashe ke nan 'yar fatar saman teku kaɗai ta yi daidai da dukkan iskar duniya wajen ajiye zafi, balle a haɗa da sauran mita dubu uku da ɗoriya da ke ƙarƙashi. Idan aka haɗa duka, teku yana iya ajiye zafi kimanin sau dubu fiye da iska.

Hasken rana yana ɗumama ƙasa da ruwa, su kuma su mayar da zafin sama. Akwai wasu iskoki a sararin samaniya, musamman tururin ruwa da iskar kabon dayoksaid da iskar mitan, waɗanda ke tare wani kaso na wannan zafi kamar yadda bargo ke tare ɗumin jiki. Ƙona gawayin kwal da man fetur da gas, tare da sare dazuzzuka, sun ƙara kaurin bargon. Kafin zamanin masana'antu, kabon dayoksaid kashi 280 ne cikin miliyan na iska. Lokacin da Charles Keeling ya fara awo a dutsen Mauna Loa da ke Hawayi a 1958, ya sami kimanin 315. A 2024 adadin ya haura 420. Sakamakon haka, zafin da ke shigowa duniya ya fi wanda ke fita.

To, ina rarar take tafiya? Rahoton da kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, watau IPCC, ya fitar a 2021 ya nuna cewa tsakanin 1971 da 2018 teku ya shanye kimanin kashi 91 cikin ɗari na wannan rarar zafi. Ƙasa ta ɗauki kashi 5, narkewar ƙanƙara ta ci kashi 3, iska kuwa kashi 1 kacal ta samu. Wannan abin lura ne ƙwarai. Ɗumamar da mutane ke ji a jikinsu, wadda ta sa 2024 ta zama shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye bayanai har zuwa lokacin, da kimanin digiri ɗaya da rabi sama da zamanin da ya gabaci masana'antu, ɗan ƙaramin kaso ce ta abin da duniya ta tara.

Mai karatu zai iya tambayar yadda aka auna zafin ruwa mai irin wannan faɗi. A dā matuƙan jiragen ruwa ne ke jefa guga su ɗebo ruwa su saka ma'aunin zafi. Daga shekarar 2000 aka fara baza wasu na'urori masu suna Argo, waɗanda adadinsu ya kai kusan 4,000. Kowace na'ura tana nutsewa zuwa zurfin mita 2,000, sannan ta taso a hankali tana auna zafi da gishiri, ta aika da sakamakon ta tauraron ɗan'adam, ta sake nutsewa. Duk kwana goma take maimaita wannan aiki.

Ruwan Teku Yana Hawa

Zafin da teku ya ɓoye ba a banza yake zaune ba. Ruwa idan ya ɗumama yakan kumbura. Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan a aji: a cika kwalba fal da ruwa mai launi, a toshe bakinta da murfin da aka zura siririn bututu a tsakiyarsa, a tsoma kwalbar cikin ruwan zafi. Ba da jimawa ba za a ga ruwan yana hawa cikin bututun, alhali ba a ƙara ko ɗigo ba. Kumburi irin wannan ne ya haifar da kusan rabin hawan teku tsakanin 1971 da 2018. Sauran ya fito galibi daga ƙanƙarar da ke narkewa a kan tsaunuka da Girinland da Antatika.

A nan ɗalibai da yawa sukan rikice. Ƙanƙarar da ke yawo a kan teku, kamar ta ƙuryar arewacin duniya, narkewarta kusan ba ta ƙara tsawon ruwa, domin tun tana daskare ta riga ta ture ruwa daidai nauyinta. Kofin ruwa da ƙanƙara a ciki ba ya malala idan ƙanƙarar ta narke. Wadda ke kan tudu ita ce abin tsoro. Ta Girinland kaɗai, da za ta narke duka, teku zai hau da kimanin mita 7.

Daga 1901 zuwa 2018 teku ya hau da kimanin santimita 20. Adadin kamar bai taka kara ya karya ba, amma saurinsa ne abin dubawa: milimita 1.3 a shekara tsakanin 1901 da 1971, sannan milimita 3.7 a shekara tsakanin 2006 da 2018. A ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar Bangaladash, ko yankin Neja Delta, ko tsibiran Maldibs, 'yan santimitoci na nufin ruwan gishiri a rijiyoyi da gonakin shinkafa, da kuma ambaliyar da ke shiga gari duk lokacin da guguwa ta taso.

Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Ban da zafi, teku yana shanye kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na kabon dayoksaid ɗin da mutane ke fitarwa kowace shekara. Wani ɓangare yana narkewa kai tsaye cikin ruwa. Wani kuma tsirrai 'yan mitsi-mitsi da ke yawo a saman teku, waɗanda ido ba ya gani, suke amfani da shi wajen haɗa abincinsu. Idan sun mutu, kaɗan daga cikinsu su nutse da kabon ɗin zuwa ƙasan teku.

An daɗe ana zaton teku zai haɗiye duk hayaƙin da masana'antu za su fitar. A 1957 Roger Revelle da Hans Suess suka nuna cewa sinadaran ruwan teku ba sa barinsa ya sha iskar da irin saurin da ake tsammani. Har wa yau, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, abin da duk wanda ya taɓa buɗe lemon kwalba da ya sha rana ya gani da idonsa. Gwargwadon ɗumamar teku, gwargwadon raguwar ƙarfinsa na wannan taimako.

Karin maganar Hausawa cewa ruwa ba ya tsami banza ta faɗa daidai a nan. Kabon dayoksaid idan ya narke a ruwa yana zama wani asid marar ƙarfi. A ma'aunin pH, saman teku ya sauko daga kimanin 8.2 zuwa 8.1, kuma da yake kowace lamba ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ce, wannan 'yar saukowa na nufin tsamin ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. Halittun da ke gina ƙwanso da sinadarin alli, irin su kawa da murjani, su ne suka fi jin jiki. Murjani kuma zafi ma bai bar shi ba: a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, da kuma daga 2023, an ga ya yi fari fat a tekuna daban-daban saboda ɗumin ruwa.

Kogunan Cikin Teku

Ruwan teku ba a tsaye yake ba. Iska da juyawar duniya suna tura ruwan sama mai ɗumi daga yankin Ikwaita zuwa arewa da kudu. A arewacin tekun Atlantika ruwan yakan huce, ga shi da gishiri mai yawa, sai ya yi nauyi ya nutse, ya koma kudu ta ƙarƙashi. Ruwan da ya nutse yana iya shafe shekara dubu kafin ya sake ganin rana. Wannan zagaye na daga cikin dalilan da suka sa hunturun Ingila bai kai na Labrado a Kanada tsanani ba, ko da yake nisansu daga Ikwaita kusan ɗaya ne. Ruwan daɗi da ke kwarara daga ƙanƙarar Girinland yana rage gishirin, ɗumi kuma yana rage nauyin ruwan, shi ya sa rahoton IPCC na 2021 ya ce da wuya zagayen bai raunana ba a wannan ƙarni.

A tekun Fasifik kuma akwai El Nino, lokacin da ruwan ɗumi ke malalowa gabas zuwa gaɓar Peru, teku ya amayar da wani zafin da ya tara. An yi masu ƙarfi a 1982 zuwa 1983, da 1997 zuwa 1998, da 2015 zuwa 2016. El Nino ya girmi masana'antu, amma yanzu yana hawa ne a kan duniyar da ta riga ta ɗumama.

Damina Daga Teku Take

Iskar damina tana tasowa ne daga mashigin tekun Gini ɗauke da tururi, ta nufi arewa maso gabas, ta ture busasshiyar iskar Sahara baya. Iyakar inda ta kai da yawan danshin da ta ɗauko su ke yanke hukuncin ko rumbu zai cika.

Bayan shekarun 1950 masu yalwar ruwa, yankin Sahel ya faɗa cikin fari daga 1968 zuwa 1974, ya sake tsananta a 1983 da 1984. Ruwan sama ya ragu da kimanin kashi 30 cikin ɗari, dabbobi suka hallaka, jama'a suka yi ƙaura, Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ya koma kimanin kashi ɗaya bisa goma. A 1975 masanin yanayi Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa idan kiwo ya cinye ciyayi, ƙasa takan yi haske ta mayar da hasken rana sama, hadari kuma ya ƙi haɗuwa. Ra'ayin ya karɓu, aka daɗe ana ɗora laifin farin a kan makiyaya da manoma.

A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a hukumar kula da yanayi ta Birtaniya suka nuna cewa shekarun farin sun zo daidai da lokacin da tekunan kudancin duniya suka fi na arewaci ɗumi. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka saka wa kwamfuta mai kwaikwayon yanayi bayanan zafin saman teku na 1930 zuwa 2000, ba tare da sun gaya mata komai game da canjin ciyayi ba, sai ga shekarun yalwa da na fari sun fito kusan yadda suka faru. Hadarin damina yakan karkata ne zuwa ɓangaren duniya da ya fi ɗumi. Da arewacin Atlantika ya yi sanyi, kudanci da tekun Indiya suka ɗumama, sai ruwan ya tsaya a kudu. Bincike na baya ya nuna cewa hayaƙin farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka, wanda ke tare hasken rana, yana da hannu a sanyin arewacin Atlantikan. Lalacewar ciyayi ta ƙara wa farin tsanani, amma tushensa a teku yake, kuma ba a yi wa makiyayin Sahel adalci ba da aka ɗora masa duka nauyin.

Daga shekarun 1990 ruwan ya ɗan farfaɗo, sai dai ya canja hali: yakan zo da ƙarfi a ɗan lokaci, sannan a yi kwanaki ba ɗigo. Iska tana iya riƙe ƙarin tururi kimanin kashi 7 cikin ɗari ga kowane digiri ɗaya na ɗumi, don haka idan ta tashi saki, da yawa take saki.

Sanin wannan dangantaka ya zama abin aiki. Da yake zafin teku ba ya saurin canjawa, awon da aka yi a watan Maris ko Afrilu yana ba da haske a kan daminar da ke tafe. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, bayan babban farin, da hukumar NiMet ta Nijeriya, suna duba zafin Atlantika da Fasifik da tekun Indiya kafin su fitar da hasashen lokacin faɗuwar ruwa da tsawon damina, wanda malaman gona ke dogara da shi wajen ba manomi shawarar ko ya shuka iri mai saurin nuna ko mai daɗewa.