Sanjay-Dubri: Dajin da aka kamo kakan fararen damisoshi

Mafi yawan fararen damisoshin da ake nunawa a gidajen namun daji na duniya, daga Delhi har Amurka, in aka bi salsalarsu a kan dabba ɗaya za a tsaya. Sunansa Mohan, namiji ne, kuma an kamo shi yana ƙarami a watan Mayun 1951 a wani daji na gundumar Sidhi, cikin jihar Madhya Pradesh a tsakiyar Indiya. Dajin yana nan har gobe, a yankin gandun da yanzu ake kira Sanjay-Dubri. Na yi kwana uku a bakinsa cikin sanyin hunturu. Babu farar damisa ko ɗaya a ciki. Hasali ma, tun da aka harbe wata a 1958 ba a sake tabbatar da ganin irinta tana yawo a dawa ba, a duk faɗin Indiya.

Sai mun fara daidaita suna. Damisar da kakanninmu suka sani, wadda ake yi wa kirari da ƙi-sabo, mai roɗi-roɗi ce, tana hawa itace. Wadda nake magana a kanta ita ce ta finafinan Indiya, taiga, mai launin ruwan goro da baƙaƙen ratsi. Babu ita a dazukan Afirka ko kaɗan, shi ya sa ba mu da wani suna nata na daban. Ta ninka tamu girma nesa ba kusa ba, don ƙasurgumin namiji yakan haura kilo 200.

Baƙin da ke zuwa Indiya kallon damisa galibi Bandhavgarh suke nufa, ko Kanha, ko Ranthambore, inda motoci kan yi layi a bakin ƙofa tun duku-duku. Sanjay-Dubri maƙwabcin Bandhavgarh ne, amma da wuya ka ji sunansa a bakin masu shirya tafiye-tafiye. Na hau jirgin ƙasa na dare daga Delhi zuwa birnin Rewa, daga nan na ɗauki mota zuwa Sidhi ta cikin dogon ramin da aka huda a dutsen Mohania, wanda aka buɗe a ƙarshen 2022. Masaukina yana Parsili, a gaɓar kogin Banas, ruwa garai-garai da farin yashi. Batun abinci bai tayar mini da hankali ba: wake ne, da gurasa, da shinkafa, da kayan lambu, ba nama balle a tsaya tambayar wa ya yanka.

Gandun ya haura murabba'in kilomita 1,600. Asalinsa ya fi haka, amma da aka ɓalle jihar Chhattisgarh a shekarar 2000 sai babban ɓangare ya faɗa can, aka sa masa suna Guru Ghasidas. Ana rufe shi daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba saboda damina. Shiga sai da takardar izini da fasfo, a buɗaɗɗiyar mota, tare da ɗan jagora na hukuma, kuma ba a sauka ƙasa.

Ina idar da sallar asuba direba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Kai, sanyin wurin nan ba na wasa ba ne. Bargo biyu aka ba ni a mota, duk da haka haƙorana na haɗuwa. Muka kutsa cikin dogayen itatuwan da suke kira sal, miƙaƙƙu sumul kamar turakun lantarki, ga gora ta yi duhu a ƙarƙashinsu. Awa guda muna tafiya ba mu gamu da wata mota ba. Barewa masu ɗigo-ɗigo suna kiwo garke-garke, ɗawisu na tsallaka hanya kamar kajin gida, birai masu baƙar fuska sun jeru a kan reshe suna shan hantsi.

Ɗan jagoran namu saurayi ne daga wani ƙauye na gefen dajin. Shi ya nuna mini cewa da kunne ake neman damisa kafin ido. In biri ya hango ta daga sama yakan yi wani irin tari mai kaushi, barewa ta amsa da ƙara siririya, sai dajin duka ya ɗauka. Direba zai kashe inji, a yi tsit, a saurari inda kukan ya dosa. Ranar farko sawu kawai muka samu, sabo fil a kan ƙura, faɗinsa ya kai tafin hannuna a buɗe. Washegari da yamma, bayan mun yi kusan minti arba'in a tsaye a wata mararraba, sai ga ta. Macen damisa ce, ta fito daga cikin ciyawa ta hau hanya, ta yi taku kamar goma sha biyar ba ta ko waiwaye mu ba, ta sake shigewa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ta ɓace. Taku biyu cikin busasshiyar ciyawa, ina kallon wurin ƙuri, amma wallahi babu ita. Launin nan da ratsin nan, Allah Ya yi su daidai da dajin.

Na tambayi yaron ko baƙi na tambayarsa farar damisa. Ya yi dariya ya ce, “Kullum, yallaɓai. Wasu har fushi suke yi, wai an ce musu nan ne gidanta. Ni kakana ma labari ya ji.”

Abin da ke damun ma'aikatan wurin daban ne. Layin dogo na Katni zuwa Singrauli ya ratsa ta tsakiyar gandun, kuma Singrauli matattarar kwal ce da tashoshin lantarki, don haka jiragen kaya ba sa hutawa dare da rana. A watan Maris na 2022 jirgi ya take wata damisa mai lamba T-18, ta bar 'ya'ya ƙanana. Abin da ya biyo baya ya shiga jaridun Indiya: 'yar'uwarta mai lamba T-28 ta karɓi marayun ta haɗa da nata ta yi reno, abin da ba a saba gani ba a wajen dabbar da ke zaman kaɗaici. Mutanen wurin suka laƙaba mata Mausi, wato inna, 'yar'uwar uwa. Akwai kuma batun ƙauyukan da ake tasa daga cikin dajin ana biyansu diyya, yawancinsu 'yan ƙabilun Gond da Baiga, waɗanda ke dogaro da furen mahua da ganyen tendu da suke tsinta suna sayarwa. Kowace damisa da ta ƙaru, akwai wanda ya matsa mata wuri.

A hanyar komawa Rewa na tsaya Govindgarh, inda tsohuwar fadar sarakunan ƙasar take a bakin tafki, don a nan Mohan ya yi rayuwarsa. Sarkin Rewa na lokacin, Maharaja Martand Singh, ya fita farauta ne aka gano wata damisa da 'ya'ya huɗu, ɗaya fari. Aka harbe uwar da sauran ukun, aka kama farin da rai aka kawo shi fada. Da ya girma aka haɗa shi da wata mace mai launin da aka saba, sunanta Begum. Ta haihu sau uku, ba a samu fari ko ɗaya ba. Sai aka ɗauko Radha, ɗaya daga cikin 'ya'yan da Begum ta haifa masa, aka haɗa ta da ubanta. Ranar 30 ga Oktoba, 1958 ta haifi huɗu, duka farare: Raja, Rani, Mohini da Sukeshi.

Daga nan kasuwa ta buɗe. A 1960 wani attajirin Amurka, John Kluge, ya biya dala 10,000 aka kai Mohini birnin Washington, har aka nuna ta ga Shugaba Eisenhower a farfajiyar fadar White House. Raja da Rani suka tafi gidan namun daji na Delhi, wasu biyu aka kai Bristol a Ingila a 1963. Mohan kansa ya mutu a Govindgarh yana gab da cika shekara 20. Daga baya an sami wani reshen a gidan namun daji na Nandankanan a jihar Odisha, inda a 1980 aka haifi farare daga iyaye masu launin ruwan goro. Su ma uba ne da 'yarsa.

Me ya sa sai da aka yi haka? Duk wanda ya taɓa zuwa gwajin jini kafin ɗaurin aure ya riga ya san amsar. Lissafin iri ɗaya ne da na sikila. Farin launin yana tafiya ne a ɓoye cikin ƙwayar halitta, ba ya bayyana sai ɗa ya gaje shi daga uwa da uba duka. 'Ya'yan Begum duk sun zama kamar masu AS: suna ɗauke da abin, amma ba a gani. In masu ɗauke da shi biyu suka haɗu, a kowace haihuwa damar fitowar fari ɗaya ce cikin huɗu. In fari ya haɗu da mai ɗauke da shi, rabi da rabi. In fari da fari ne, duka farare. A dawa, inda masu ɗauke da ƙwayar ba su da yawa kuma kowa na da yankinsa, haɗuwar biyu sai an dace. A keji kuwa hanya mafi sauƙi ita ce a riƙa haɗa uba da 'ya, wa da ƙanwa, ana maimaitawa.

A 2013 masu bincike a Jami'ar Peking ta ƙasar Sin suka gano ainihin wurin: sauyi ne ɗan ƙanƙani a ƙwayar da ake kira SLC45A2, wanda ke hana launin ja da rawaya fitowa amma ya bar baƙin ratsin. Saboda haka farar damisa ba zabiya ba ce, idonta shuɗi ne, ratsinta na nan. Ba kuma wani jinsi ne na daban da ke neman ƙarewa ba, damisar Bengal ce mai wani launi. Da can ana samun ta jefi-jefi a dazukan Rewa da Bihar da Assam, kuma maharba sun harbe manya da suka girma suka ci da kansu a dawa. Bindiga da saran daji ne suka share ta, kamar yadda suka kusa share sauran.

Haɗin dangi na shekara da shekaru kuwa ya bar tabonsa: harara-garke, karkataccen gadon baya, tsagaggen ganɗa, ciwon ƙoda, 'ya'yan da ake haifa a mace. Mai kallo kyakkyawar da aka fito da ita kawai yake gani. Ba a nuna masa waɗanda aka haifa da naƙasa, ko masu launin ruwan goron da aka samu a hanyar neman fari, waɗanda ba su da daraja a wurin ɗan kasuwa. A 2011 ƙungiyar gidajen namun daji ta Amurka, AZA, ta hana mambobinta kiwon fararen damisoshi da gangan. Amma masu gidajen kansu da dillalan dabbobi ba su daina ba, don akwai masu saye, kuma ba a Turai da ƙasashen Larabawa kaɗai ba. Mutanen Accra ba su manta da hayaniyar 2022 ba, lokacin da mazauna wata unguwar masu hali suka kai ƙara cewa maƙwabcinsu na ajiye da damisoshi biyu a gida.

Farar damisar da na gani a wannan tafiya a Mukundpur na gan ta, ɗan nesa kaɗan da Rewa, a wani fili mai shinge da gwamnatin jihar ta buɗe a watan Afrilun 2016 don dawo wa yankin da abin da ya yi suna da shi. A bas mai tagogi a rufe ake shiga. Tana kwance a gindin itace, tun daga nesa ake hango ta, fara sol a cikin kore da ƙasa-ƙasa. Ba zan ɓoye ba, kyakkyawa ce. Yara suka yi ta ihu, manya suka ɗaga wayoyi, direba ya ɗan jira ya ja muka wuce. Mutanen da ke cikin bas ɗin nan kaɗai sun fi duk baƙin da na gani a Sanjay-Dubri cikin kwana uku.

A ganina nasarar Indiya a wannan fage tana wajen masu launin ruwan goro. Bayan dokar kare namun daji ta 1972 da shirin ceto damisa na 1973, ƙidayar 2006 ta sami 1,411 kacal a ƙasar. Ta 2022 ta ba da 3,682, kuma 785 daga ciki a Madhya Pradesh suke, fiye da kowace jiha. Babu fara ko ɗaya a wannan lissafi, don na dawa ake ƙirgawa. Duk da haka mutanen Rewa ba su haƙura da tasu ba. Hotonta na kan allunan hanya da bangon shaguna, kuma a farkon 2025 hukumar kula da gidajen namun daji ta Indiya ta amince a gina cibiyar kiwon fararen damisoshi a Govindgarh, garin da aka fara haɗa Mohan da Radha.