KWANANA UKU NA FARKO A BIRNIN FAS, NI KAƊAI

Tunda na dawo daga Maroko ƙawaye suka ishe ni da tambaya, wai da gaske ni kaɗai na tafi? Da gaske ne. Yayana ne zai raka ni, ana gobe tafiya aiki ya riƙe shi, ga tikiti an riga an saya. Hajiyarmu ta wuni ba ta ce mini uffan ba, sai da dare ta kira ni ɗaki ta ce, "Ki je, amma ki kai mini gaisuwa wurin Shehu, kuma kada magariba ta same ki a waje." Shehu Ahmadu Tijjani take nufi, wanda ya rasu a Fas a 1815, kabarinsa na nan cikin zawiyarsa.

Daga Kasablanka na shiga jirgin ƙasa, tafiyar kamar awa huɗu. A Fas wata 'yar jar tasi ta ajiye ni a Bab Bu Jalud, ƙofar da aka gina a 1913, wajenta shuɗi, cikinta kore. Direba ya nuna mini da hannu cewa iyakar mota ke nan. Ashe tsohon garin lunguna ne zalla, jaki da alfadari da amalanke su ne motocinsu. In kin ji an ce "Balak!" to maza ki manne da bango, gafara hanya ke nan. Ranar dai ban yi nisa ba, na sha shayin na'ana'a mai sukari kamar na gayya, na kwanta.

Washegari bayan azahar na fita neman zawiya, na bi Tala'a Kabira, babbar hanyar da ke gangarawa cikin kasuwa. Sai ga wani saurayi, dogo, fari, gashin nan kwance luf, irin waɗanda muke karantawa a littattafan soyayya. Ya yi murmushi ya ce hanyar gaba a rufe take, in biyo shi. Ni 'yasu, ko musu ban yi ba!

Bai tsaya da ni ko'ina ba sai saman benen wani kantin fata, aka miƙo mini ganyen na'ana'a in kara a hanci. Ƙasa kuwa majemar Shuwara ce, ramuka reras kamar marinar Ƙofar Mata, wasu farare, wasu ja, wasu ruwan ƙasa. Da farar ƙasa da kashin tattabara suke jiƙa fata, to ki ƙiyasta warin. Abin ya burge ni, don na san a cikin fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko akwai ta jar akuyar Sakkwato, wadda a da fatake ke ƙetara Sahara da ita.

Muna saukowa murmushin nan ya ɓace. Ya tare hanya ya ce dirhami 200 ne kuɗin rakiya. Gabana ya faɗi ras. Na miƙa masa 50, na juya da sauri na faɗa lungun da na fara gani. Daga nan fa sai ɓata. Wannan lungu ya kai ni ga bango, wancan ya dawo da ni inda na baro, taswirar waya kuwa ita ma ta rikice. Ina cikin haka na ji kiran sallar magariba. Na tuna maganar Hajiya, sai hawaye.

Allah Ya kawo wata tsohuwa ɗauke da faranti na burodi, ta fito daga gidan gashin unguwa. Larabcin Islamiyyata da nasu ba su jitu ba, sai kawai na ce, "Lalla, Sidi Ahmad Tijani?" Ta dube ni ta ce, "Binti," ta kama hannuna kamar jikarta, ba ta sake ni ba sai a ƙofar zawiya. Na ciro kuɗi, ta harare ni ta wuce abinta. Allah sarki! A ɓangaren mata na ji ana Hausa, ashe 'yan ziyara ne daga gida. Na yi wa Hajiya addu'a, su suka rako ni masauki bayan isha.

Rana ta uku na je masallacin Ƙarawiyyin, wanda tarihi ya ce mace ce, Faɗimatu al-Fihri, ta kafa shi a 859 da dukiyar da ta gada wurin mahaifinta. Na daɗe ina kallon wurin. Zuwa lokacin na gane kan garin: in za ki yi tambaya, ki tambayi mace ko mai kanti da ke zaune a kantinsa, in kuma kin ɓata kusa da Tala'a, ki bi hawa, zai kai ki Bab Bu Jalud. A hanyar dawowa na sake cin karo da mutumina. Ya fara murmushi, na ce "La, shukran," ko waiwaye ban yi ba.

Da dare Hajiya ta bugo ta ce, "Kin kai gaisuwar?" Na ce na kai. Ta ce, "Da rana dai ko?" Sai na ce mata layin ba ya fita sosai.