Barbuda: Rikicin Ƙasa da Muhalli a Tsibirin da Attajirai Suka Ƙyalla Ido a Kansa

Barbuda ƙaramin tsibiri ne a yankin Karibiyan wanda faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 161 ba, kuma shi da maƙwabcinsa Antiguwa ne suka haɗu suka zama ƙasa ɗaya, wadda ta sami 'yancin kai daga Birtaniya a 1981. Mazaunansa ba su kai dubu biyu ba, kusan dukkansu a gari guda mai suna Codrington, sunan da garin ya gada daga iyalin Turawan Ingila da suka riƙe tsibirin haya tun daga 1685 har zuwa 1870, suna bautar da 'yan Afirka a cikinsa. Bayan soke bauta a 1834, zuriyar waɗannan bayi suka ci gaba da noma da kiwo da farauta da kamun kifi ba tare da an yanka wa kowa fili an ba shi takarda ba, har al'ada ta kafu cewa ƙasar ta kowa ce: ɗan tsibirin yana da ikon gina gida ko share gona, amma ba shi da ikon sayarwa. Dokar Ƙasa ta Barbuda ta 2007 ta rubuta wannan al'ada, ta kuma shardanta cewa ba za a yi wani babban aikin gini ba sai da amincewar jama'a.

Wannan tsari ne ya sa Barbuda ta tsira daga abin da ya sami tsibirai da yawa a yankin, inda manyan otal-otal suka jeru a bakin teku har suka raba 'yan ƙasa da ruwan. Bakin tekunta ya zauna fayau, da rairayi mai laushi wanda a wasu wurare yake da launin ja-ja saboda garin ɓawon dabbobin ruwa, kuma Gimbiya Diana ta Ingila ta sha zuwa hutu can, abin da ya sa aka raɗa wa wani yanki na gaɓar sunanta a 2011. Kaɗaicin wurin da tsabtarsa su ne hajar da kamfanoni ke tallata wa masu kuɗi, alhali mallakar tarayya, wadda daga baya aka nemi kawarwa domin a sami damar gini, ita ce ta adana su.

Muhallin da ake jayayya a kansa ya cancanci bayani, domin Barbuda shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ta dutsen farar ƙasa wadda mafi yawanta ba ta ɗaga sama da teku ba sai da 'yan mitoci. A yammacinta akwai Tafkin Codrington, wani makeken tafkin ruwan gishiri da siririn zirin rairayi ya raba shi da teku, wanda aka shigar a 2005 cikin yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare fadamu da dausayi masu muhimmanci. Gefen tafkin cike yake da kurmin itatuwan da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, waɗanda saiwoyinsu ke riƙe ƙasa, suna rage ƙarfin igiyar ruwa, suna kuma zama maɓoya ga ƙananan kifaye da manyan jatan lande da masunta ke dogara da su. A cikin kurmin ne dubban wasu baƙaƙen tsuntsayen teku masu faɗin fiffike suke sheƙa, waɗanda namijinsu ke hura wata jar jaka a maƙogwaronsa lokacin barbara, kuma mazauninsu na nan yana cikin mafiya girma a duniya. Tuddan rairayi da ke kudu maso yamma, a wurin da ake kira Palmetto Point, su ne katangar da ke tare ambaliyar teku, kuma a gaɓar ne kunkurun teku ke fitowa ya binne ƙwai.

Takaddamar ta fito fili a 2015, lokacin da majalisar dokokin ƙasar ta yi doka ta musamman domin aikin otal na dala miliyan 250 mai suna Paradise Found, wanda ɗan wasan fim na Amurka Robert De Niro da attajirin Ostireliya James Packer suka kawo, dokar da ta tsallake sharuɗɗan dokar 2007. Sai kuma a ranar 6 ga Satumban 2017 mahaukaciyar guguwar Irma ta afka wa tsibirin, ta lalata kusan kashi casa'in cikin ɗari na gine-ginensa, aka kwashe mutanen kaf zuwa Antiguwa saboda fargabar wata guguwar da ke tafe. Suna can ne Firaminista Gaston Browne ya sanar da shirin sayar wa kowa filin gidansa a kan dala ɗaya ta kuɗin yankin, kuma a 2018 majalisa ta soke mallakar tarayya. A wannan tsakani aka fara sare daji domin gina sabon filin jirgin sama, kafin a sami izinin gini da doka ta tanada, daga baya kuma kamfanin Peace, Love and Happiness, tare da Discovery Land Company, ya shiga gina Barbuda Ocean Club, rukunin gidajen alfarma da filin wasan golf, wani ɓangarensa a Palmetto Point, cikin yankin da Ramsar ta ƙunsa.

Hujjar gwamnati ba ta wofi ba ce. Ta ce a doka ƙasar ta hukuma ce tun asali, ta ce wanda ba shi da takardar fili ba zai sami bashin banki ya sake gina gidansa ba, sannan tsibirin ya daɗe yana rayuwa da tallafi daga Antiguwa, inda Majalisar Barbuda, wadda aka kafa a 1976, ita ce babbar mai ɗaukar ma'aikata. Masu gini kuma suna nuna ayyukan yi da suka samar, suna tunatarwa cewa haƙar yashi da aka shafe shekaru da dama ana yi a Palmetto Point ana fitarwa waje ta riga ta cinye tuddan tun kafin su iso, kuma wannan gaskiya ce. Akwai ma 'yan tsibirin da ke maraba da aikin, domin mai neman abin sa wa a bakin salati ba ya raina albashi.

Sai dai ɓarnar jiya ba ta halatta ta yau, kuma wurin da aka raunana ya fi buƙatar a bar shi ya farfaɗo. Filin golf yana shan ruwan daɗi mai yawa a tsibirin da ba shi da kogi ko ɗaya, kuma takin zamani da maganin ciyawa da ake zuba masa suna iya ratsa dutse mai ramuka su gangara tafki. Irma ta riga ta fasa zirin rairayin da ke kare tafkin, saboda haka duk abin da ya ƙara raunana gaɓar, garin Codrington ne zai fara ɗanɗana kuɗarsa idan wata guguwar ta zo, yayin da mai gidan hutu zai hau jirginsa ya tafi. Masana haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ma sun bayyana damuwa a kan aikin. Abin da ya fi ci wa masu adawa tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka yanke shawara a bayan idonsu, suna gudun hijira.

Shari'o'in da 'yan tsibirin suka shigar a kan waɗannan ayyuka sun kai har kwamitin shari'a na Majalisar Sarki da ke Landan, wanda shi ne kotun ƙoli ga ƙasar har yau, kamar yadda yake ga Nijeriya kafin 1963. A 2022 kwamitin ya yanke cewa dokar 2007 ba ta bai wa ɗaiɗaikun 'yan Barbuda haƙƙin mallakar da tsarin mulki zai kare ba, don haka Trevor Walker da Mackenzie Frank, waɗanda suka ƙalubalanci Paradise Found, suka faɗi. A Fabrairun 2024 kuwa ya yanke cewa John Mussington, masanin halittun teku, da Jacklyn Frank, tsohuwar malamar makaranta, suna da hurumin ƙalubalantar ginin filin jirgin, domin mazaunin wuri da ya san muhallinsa kuma ya damu da shi ba ya buƙatar shaidar ƙwarewa kafin kotu ta saurare shi. Wannan hukunci ya buɗe ƙofa ga masu kare muhalli a sauran ƙasashen Karibiyan da ke kai ƙara Landan, amma kusan shekara shida aka kwashe ana gardama a kan ko mutanen biyu suna da ikon yin magana. An buɗe filin jirgin saman a watan Oktoban 2024.