Yadda Girman Lada Ke Juya Zaɓin Dabba

Ladan da ake ba dabba bayan ta yi wani aiki, ko tsaba ne ko dusa, yana daga cikin abubuwan da masana halayyar dabbobi suka fi daɗewa suna gwaji a kai. Abin da suka gano shi ne, yawan abincin kaɗai ba ya yanke hukunci. Dabba tana gwada shi da abin da ta saba samu, da abin da ke gefensa, da kuma tsawon jiran da za ta yi.

A shekarar 1942, Leo Crespi na Jami'ar Princeton da ke Amurka ya koya wa ɓeraye gudu cikin wani dogon lungu, abinci na jiransu a ƙarshensa. Wasu na tarar da ƙwaya 16, wasu 256. Masu babban rabo sun fi saurin gudu, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. Sai ya rage musu zuwa 16. Nan take jikinsu ya yi sanyi, suka koma jan ƙafa, har ɓerayen da tun farko 16 kawai suka sani suka fi su sauri. Ga shi rabo ɗaya, amma wanda ya taɓa ɗanɗana mai yawa ya raina shi. Tun a 1928 Otto Tinklepaugh ya ga irin haka ga biri. Ya kife ayaba da kofi a gaban idonsa, ya musanya ta da ganyen latas a ɓoye. Da birin ya ɗaga kofin sai ya bar latas ɗin, ya shiga dube-dube, alhali a wasu lokutan yana cinsa lafiya lau.

Gwajin da ya fi fito da batun zaɓi fili na tattabaru ne. Ana sa tattabara a akwati, idan ta caki wani ɗan faifai sai mazubin tsaba ya buɗe na wasu daƙiƙoƙi. A 1963 Charles Catania ya nuna cewa idan faifan ɗaya ne, ko an tsawaita lokacin cin tsabar daga daƙiƙa 3 zuwa 6, saurin cakarta ba ya wani canzawa. Amma da aka sa faifai biyu, kowanne da nasa rabon, sai ta raba ƙoƙarinta daidai gwargwadon abin da kowanne ke bayarwa. Wannan ya yi daidai da ƙa'idar da Richard Herrnstein ya fitar a Harvard a 1961. Ashe girman lada ba ya nuna ƙarfinsa sosai sai akwai abin kwatantawa.

Jira kuwa yana rage wa lada daraja ƙwarai. A 1972 Howard Rachlin da Leonard Green sun ba tattabaru zaɓi: tsabar daƙiƙa 2 yanzu, ko ta daƙiƙa 4 bayan jiran daƙiƙa 4. Kusan kullum ƙaramar suke ɗauka, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Da aka nesanta lokacin yanke shawara daga lokacin cin, sai suka fara karkata ga babban rabon.

Wannan ilimi ya cancanci kulawar ɗaliban Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi da ke Mando, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ma duk mai ɗaure rago a gida kafin Babbar Sallah. Ragon da ya saba da dusa da kowa da harawa, ranar da tsada ta sa aka zuba masa tattaka zalla, zai shinshina ya kau da kai ko da yunwa na cinsa. Ba lallai ciwo ba ne, sau da yawa sabo ne. Shi ya sa ya kamata canjin abinci ya zo sannu a hankali, ana gaurayawa.

Haka mai horar da sa don huɗa ko jaki don ɗaukar kaya. Ɗan tafin dusa da aka miƙa a daidai lokacin da dabbar ta yi abin da ake so ya fi cikakken kwano da za a kawo bayan magariba amfani.