Hoton Amaryar Da Ke Kwamfutarka: Wa Kuma Ke Iya Ganinsa?

Ga shirinmu na wannan mako a rubuce, saboda waɗanda datarsu ba za ta ja sauraro ba.

Yau maganata da masu ɗaukar hoto ce, da masu zanen katin biki da bana, da masu haɗa bidiyo a waya, tun daga cikin garin Daura har Mai'adua, Zango, Sandamu da Baure. Kai ma da ba sana'arka ba ce kada ka wuce, don hotonka ko na ƙanwarka yana cikin kwamfutar wani yanzu haka.

Mu fara da abin da ke cikin kwamfutar mai hoto guda ɗaya. Akwai hotunan hawan Sallah da na Sallar Gani, waɗannan dama na bainar jama'a ne. Amma a gefensu akwai hotunan kamu da na ƙunshi, waɗanda aka ɗauka a tsakar gida cikin mata zalla. Akwai fasfo na ɗalibai. In yana haɗawa da aikin buga takardu, akwai takardar NIN da sakamakon jarrabawa na mutane da dama. Duk wanda ya bari aka ɗauke shi, da mutum ɗaya ya yi yarjejeniya, wato mai kyamarar. Tambayata ita ce, manhajar da mai kyamarar ke gyara hoton da ita fa, me aka ba ta izinin yi?

Abin da ya faru da Adobe

A farkon watan Yunin 2024, masu amfani da Photoshop da sauran manhajojin kamfanin Adobe suka buɗe kwamfuta suka tarar da sanarwa ta tare musu hanya: ko ka amince da sababbin sharuɗɗa, ko ba aiki. A cikin sharuɗɗan akwai inda kamfanin ya ce yana iya duba abin da ka ɗora, ta hanyar na'ura ko ta hannun ma'aikaci. Nan fa aka yi ca. Masu zane suka ce to aikin da muka yi wa masu shi alƙawarin sirri fa? Wasu suka ce za a kwashi guminsu ne a koyar da ƙirƙirarriyar basira.

Adobe ya fito ya yi bayani, ya kuma sake rubuta sharuɗɗan a cikin watan. Ya ce ba ya koyar da Firefly, wato ƙirƙirarriyar basirarsa mai yin hoto, da aikin masu amfani, sai wanda mutum ya kai kasuwarsu ta Adobe Stock da kansa. Ya ce ba ya leƙa abin da ke ajiye a kan kwamfutarka, abin da aka ɗora a ma'ajiyarsa ta intanet ne ake tacewa don gano haramtattun abubuwa irin su hotunan cin zarafin yara. Adalci ne in faɗi wannan. Amma abin da mutane suka gane a makon shi ne, kamfani na iya canza yarjejeniya yau, ya kulle maka kayan aikinka har sai ka danna amincewa, alhali mai biki na jiran hotunansa gobe.

Shekara guda bayan haka, a Yunin 2025, sai hayaniyar ta koma kan CapCut, wanda shi ne a wayar yawancinmu. Mallakin ByteDance ne, kamfanin da ya mallaki TikTok. Masu bibiya suka karanta sharuɗɗansa suka ga cewa abin da ka ɗora a manhajar, ka ba su lasisin amfani da shi a ko'ina a duniya, ba biya, ba ranar ƙarewa, har da sunanka da kamanninka. Kamfanin ya ce bai taɓa cewa shi ya mallaki aikin kowa ba, kuma ba sabon sharaɗi ba ne. To, kai ne mai bidiyon a takarda. Sai dai ka ba da izini mai faɗi, kuma fuskokin da ke cikin bidiyon ba naka ba ne.

Hanyoyi uku da abu ke fita

Na farko, aikin kansa. Abubuwan da suka fi burge mu, kamar ka zagaye wani wuri a hoto ka ce Photoshop ya cike shi da wani abu, ba a cikin kwamfutarka ake yin su ba. Ana tura hoton ne zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, a yi aikin a can, a dawo maka da shi. Ga gwaji mai sauƙi: kashe data ka buɗe manhajarka. Duk abin da ya ƙi aiki, alama ce yana magana da waje.

Na biyu, asusunka. Imel, lambar waya, katin banki, kalmar sirri. A 2013 masu kutse sun shiga Adobe, kamfanin da kansa ya ce abin ya shafi masu amfani kimanin miliyan 38. A Mayun 2019 aka yi wa Canva irin haka, bayanan mutum kusan miliyan 139. Ko kamfani na da kyakkyawar niyya, abin da ya tara shi ɓarawo ke nema.

Na uku, makulli. Tun 2013 Adobe ya daina fitar da sabon zubin Photoshop da za ka saya sau ɗaya ya zama naka, ya koma haya ta wata-wata. A Oktoban 2019 ya sanar da cewa zai rufe asusun duk masu amfani da ke Benezuwela saboda takunkumin gwamnatin Amurka. Daga baya ya samu izini ya fasa, amma ka duba: mai zanen da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya kusa rasa kayan sana'arsa saboda rigimar gwamnatoci. A Yunin 2024 kuma gwamnatin Amurka ta maka Adobe a kotu bisa zargin ɓoye kuɗin da ake cajin mutum in ya fasa hayar shekara kafin lokaci. Ga mu nan kuma, hayar da dala ake lissafinta, dalar da ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta kai wajen 1,500 a 2024.

“Ai ni nawa fasasshe ne”

Na san abin da wani ke cewa yanzu: Malam, wa ya gaya maka biya muke yi? A filashi aka tura mini Photoshop da CorelDRAW, CapCut ɗina ma wanda aka buɗe ne.

Ɗan'uwa, gudun gara ka yi ka faɗa gidan zago. Kamfani ko ba komai yana da suna da adireshi, ana iya kai shi kotu. Wanda ya fasa manhajar fa, ka san shi? Abu na farko da ake ce maka wajen saka ta shi ne ka kashe manhajar tsaron kwamfutarka. Ka buɗe ƙofa da hannunka ke nan. Ta wannan hanya ake yawan cusa manhajojin satar kalmomin sirrin da ke ajiye a burauza, na Facebook, na imel, na banki. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya zauna ya fasa ya raba kyauta, sau da yawa akwai abin da yake tsinta.

Kuma doka ta shigo. A Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗora wa mai tara bayanan mutane nauyin ya sami hujjar riƙe su, ya tsare su, kuma mai su na da damar neman a goge. Hoton da ake gane mutum da shi bayani ne. A wajenmu kuma tun kafin doka sunan abin amana. Kowa ya san abin da hoto ɗaya zai iya yi wa auren yarinya a gari irin Daura, inda in ba a san ka ba an san gidanku.

Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Kowace manhaja da rubutaccen umarni ake gina ta. Kamfanonin kasuwanci suna ɓoye nasu. Buɗaɗɗiya kuwa an baje nata a fili, duk wanda ya iya zai karanta, ya gyara, ya raba. Tunanin ya yi ƙarfi ne tun 1983 da Richard Stallman ya fara aikin GNU a Amurka. Ni da kai ba lallai mu iya karanta umarnin ba, amma akwai dubbai da suka iya, kuma in aka cusa wani abu da wuya ya daɗe a ɓoye.

Ga misali. A 2021 kamfanin Muse Group ya karɓi Audacity, manhajar gyaran sauti da masu shirye-shirye irin wannan ke amfani da ita. Ya fitar da sabon tsarin tattara bayanai, jama'a suka gani suka yi bore, kamfanin ya ja da baya ya gyara. Wasu ma suka kwafi manhajar suka ci gaba da ita da suna Tenacity. Wato buɗaɗɗiya ma ana iya yi mata ba daidai ba, sai dai a nan akwai mafita.

Ga abin da ke madadin me:

GIMP, don gyaran hoto a madadin Photoshop. Tun 1995 ake gina ta, babban sabon zubinta na 3.0 ya fito a Maris 2025.
Darktable, don gyara hotunan biki da yawa a jere, kamar Lightroom.
Inkscape, don tambari da bana da kati, a madadin CorelDRAW da Illustrator.
Krita, don zane da hannu.
Scribus, don jera shafukan littafi, kalanda ko mujallar makaranta.
Kdenlive ko Shotcut, don haɗa bidiyo.
Blender, don katun da zane mai siffar zahiri.

Duk kyauta ne, ba sa neman ka buɗe asusu, kuma suna aiki ko babu data. In kana ganin kayan wasan yara ne, fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin katun a Maris 2025, da Blender aka yi shi.

Inda gizo ke saƙar

Ba zan sayar muku da abin da babu ba. Hannunka ya saba da wata manhaja, makonnin farko za ka ji kamar an ɗaure ka. Masu injin buga bana da yawa fayil ɗin CorelDRAW suka sani. Inkscape na iya buɗe wasu, wasu kuma su fito a hargitse. Mafita ita ce ka mayar da rubutun ya zama zane, ka fitar da aikin a PDF, ka gwada ƙaramin bugu tukuna don ganin ko launi ya tsaya. A fannin launin bugu, Scribus da Krita sun fi Inkscape ƙarfi.

Babban giɓin yana waya. Har yau babu buɗaɗɗiyar manhajar haɗa bidiyo a Android da ta kamo ƙafar CapCut wajen sauƙi, kuma da yawanmu waya ce kaɗai ofishinmu. Sannan a kiyaye, kyauta daban, buɗaɗɗiya daban. DaVinci Resolve na da zubin kyauta mai kyau ƙwarai, amma a rufe take.

To me za a yi?

Ɗaya, raba aikinka gida biyu. Tallar shago ko gaisuwar Juma'a, dama don duniya ta gani aka yi su, ba laifi a yi su a Canva ko CapCut. Hotunan cikin gida, na mata, na yara, da takardun shaida, waɗannan a yi su a manhajar da ba ta fita da su.

Biyu, kada ka goge tsohuwar manhajarka yau. Saka sabuwar a gefenta, ka fara da ƙaramin aiki kamar fasfo ko katin suna. In hannu ya faɗa, sai ka ƙara.

Uku, ka sauke daga shafin masu manhajar kai tsaye, kamar gimp.org ko inkscape.org. Mutum ɗaya ya sauke, goma su kwafa a filashi, kuma wannan halal ne, lasisin da kansa ya yarda.

Huɗu, a wayarka ka shiga saiti ka hana manhajar gyara ganin duk hotunanka, ka bar mata waɗanda ka zaɓa in wayarka na da wannan damar. Ka kashe ajiyewar kai-tsaye zuwa intanet. Ka kuma sani hoton waya kan ɗauki bayanin wurin da aka ɗauke shi. GIMP na ba ka damar cire shi lokacin fitar da hoto.

Biyar, ka yi magana da mai biki tun farko: wata nawa zan riƙe hotunan, wanne zan iya sakawa a shafina, wanne ba zan saka ba. In ka kai kwamfuta ko waya gyara, ka kwashe na mutane tukuna.

Ku kuma 'yan'uwa mata da iyayen biki, kuna da haƙƙin tambaya. Kafin a fara ɗauka, ku ce wa mai hoto: ina za ka ajiye, wa zai gani, yaushe za ka goge? Wanda ya san sana'arsa ba zai ji haushi ba.

Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura da masu cibiyoyin koyar da kwamfuta, ga dama. Wanda ya ƙware a GIMP da Inkscape da Kdenlive, ya iya koyar da su da Hausa, zai sami ɗalibai, don ba mai son ya ci gaba da aiki da kayan da bai san me ke cikinsu ba.

Ku gaya mini a ƙasa: da wace manhaja kuke aiki, kuma kun taɓa karanta sharuɗɗanta ko da layi ɗaya? Wanda ya gwada ɗaya daga cikin waɗannan ya ba mu labarin yadda ta kaya tsakaninsa da mai injin bugu. A tura wa mai hoton unguwarku.