Waƙa Gona Ce, Sai An Duƙa Mata

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kontagora ya san ba ranar girbi ake yin masara ba. Tun kafin ruwan fari ake share gona a kai taki, sannan shuka, sannan noman firi, sannan maimai. Manomin da ya bar gonarsa ga ciyawa har damina ta yi nisa, ko gayya ya kira ba zai cika rumbu ba. Yaranmu sun san wannan sarai, amma da yawansu in aka zo bitar Adabin Turanci sai su ajiye littattafan har saura mako biyu a shiga jarrabawa, su ruga kasuwa su sayi ɗan littafin taƙaitawa, su kwana suna hadda. Wannan awo ne, kuma mai cin awo kullum mudunsa a ƙare yake.

Mu ɗauki waƙa guda. Cikin waƙoƙin da hukumar WAEC ta zaɓa na shekarun 2026 zuwa 2030 akwai "Digging" ta Seamus Heaney, mutumin Ailan ta Arewa da aka haifa a 1939, ya karɓi kyautar Nobel a 1995, ya rasu a 2013. Ita ce ta buɗe kundinsa Death of a Naturalist na 1966. Ɗalibi na jin sunan Ailan sai gabansa ya faɗi, alhali labarin gidansu ne. Marubucin yana zaune da alƙalami a hannu, ta taga yana jiyo mahaifinsa yana haƙa da shebur. Sai ya tuno shi shekarun baya a gonar dankalin Turawa, ya tuno kakansa gwanin yankan baƙar ƙasar fadama da mutanen can ke busarwa su hura wuta da ita. Shi kuwa ba shi da shebur, don haka ya ƙudurta alƙalami ne zai zama abin haƙarsa. Yaron da kakansa ya rayu da garma, ubansa ya rayu da fartanya, shi kuma aka ce ya riƙe biro, wa zai fi shi gane wannan jigo?

Karatun farko shuka ne: a karanta waƙar da ƙarfi, kunne ya ji. Heaney ya zaɓo kalmomi masu kaushi da gangan, don mai sauraro ya ji ƙarar ƙarfe yana kutsa ƙasa mai tsakuwa. Wanda ya tsaya ga taƙaitawa ba zai taɓa jin wannan ba. Karatu na biyu shi ne noman firi, inda ake bin kunya-kunya, ana cire abin da ya shige duhu: wa ke magana, da wa, a wane lokaci, a wane baiti aka koma baya? A maimai ne ake tsayawa kan salo. Me ya sa aka kamanta alƙalami da bindiga a farko, ya koma kayan aikin gona a ƙarshe? Amsar da ɗalibi ya tono da kansa ba ta ɓacewa a ɗakin jarrabawa.

Kalmomi su ne taki, kuma ba a jibge taki rana ɗaya a gindin shuka, ƙone ta zai yi. Kalma biyar a rana, daga cikin littafin da ake karantawa, kowace a rubuta ta a ƙaramin littafi tare da jimlar da ɗalibi ya ƙirƙira da kansa, ta fi shafi goma na ƙamus da aka haɗiye daren jarrabawa. Amfaninsu na fitowa a takarda ta farko ta jarrabawar WAEC, mai tambayoyi 50 na zaɓi, inda ake kawo waƙa da guntun labarin da ɗalibi bai taɓa gani ba. A nan hadda ba ta ceto.

Sai ranar kai amfani kasuwa. Ku dubi ɗan kasuwar hatsi in buhu ya zo gabansa: ba ya tambayar wahalar da aka sha. Hannu yake cusawa har wuyan hannu, ya damƙo, ya buɗe tafi, ya hura. In ƙaiƙayi ya tashi, farashi ya faɗi. Haka mai duba takarda yake, ko na WAEC ko na NECO da hedkwatarta ke Minna. An ce a tattauna dangantakar ɗa da uba a waƙar, ɗalibi ya cika shafi biyu da tarihin marubuci da maimaita labari: ƙaiƙayi ke nan. Tsabar ita ce a faɗi batu, a kawo hujja daga waƙar, a bayyana yadda hujjar ta tsayar da batun, a wuce na gaba. Sheƙa kuwa a gida ake koyonta, da tsofaffin tambayoyi, agogo a gefe, malami ko aboki ya duba.

Iyaye ma da nasu rabon. Uban da ba zai aika ɗansa gona ba fartanya ba, kada ya aika shi aji ba littafin asali. Malamai kuma, musamman waɗanda suka fito daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Kontagora, su sa yara su karanta waƙa da bakinsu kafin a fara ba su sharhi a allo. Ɗalibi kuwa ya raba littattafansa bisa makonnin da suka rage, ya ba kowane dare rabin awa, ya fara da daren yau.