Yadda Za Ka Haɗa Wiki A Kan Git Da Wayarka

Ni da abokaina a nan Zuru muna tattara kalmomin C'lela da bayanan bikin Uhola. Da farko a wayar mutum ɗaya muke ajiye komai. Ranar da ta faɗa ruwa, aikin wata uku ya tafi. Shi ya sa muka koma wiki da ke kan Git.

Git manhaja ce da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, tana adana tarihin duk gyaran da aka yi wa fayil. Wiki na GitHub ma'ajiyar Git ce, don haka kowa zai iya riƙe cikakken kwafi a wayarsa.

Ga matakan:

1. Buɗe asusu a GitHub, ka ƙirƙiri ma'ajiya ta kowa da kowa.
2. Shiga sashen Wiki ka rubuta shafin farko, sai da shi za ka iya sauke wikin.
3. Sauke Termux daga F-Droid, ka rubuta: pkg install git
4. Sannan: git clone https://github.com/sunanka/kundi.wiki.git
5. Gyara shafukan, ka yi git add da git commit ko babu data. Idan sabis ya dawo, ka yi git pull, sannan git push.

Lura: tun 2021 GitHub ba ya karɓar kalmar sirri wajen push, sai ka samar da token a saitin asusunka. Kuma kada ka saka lambar waya ko sirrin kowa, domin ko ka goge, yana nan cikin tarihi.